Butar Tagulla

A Yelwa, shekara uku bayan ruwan dam ya haɗiye gungunmu,
aka kawo malamin lissafi daga Indiya.
Tiwari sunansa, yara suka mai da shi Tuwari.
Ba ya cin nama, ba ya cin kifi,
amma kowace la'asar yana bakin kwata
yana kallon jirgina kamar mai bin sa bashi.

Ranar da ya shiga bai ce in kai shi ko'ina ba.
"Tuƙa dai, Ɗantani," in ji shi.
Hausarsa duk ƙaya ce, kamar ta ƙawara,
sai an tsince ake samun tsoka.

A tsakiyar Kwara ya fara ba ni labarin uwarsa,
yadda ta bar gida da ƙunshin gero da sanda,
ba takalmi,
ita da zawarawa bakwai na unguwarsu,
suna hawa dutse wata biyu
zuwa inda babban koginsu yake fitowa daga bakin ƙanƙara.
Ya ce da dare, a masauki, wani makaho
yakan buɗe musu labarin yadda ruwan ya sauko daga sama.
Ba ya ƙarasawa.
Mai son jin ƙarshe sai ya kai masaukin gaba.
Haka labari ya ja su, kamar igiyar akuya,
har ƙafafun da suka kumbura suka manta.

Na ce, to ai ni ma ina da Tabawa, kakata,
da ta tafi Makka a ƙasa.
Ta yi aikin auduga a Sudan damina uku,
ta binne ɗa a Janaina,
ta dawo da haƙora shida da gwangwanin zamzam
wanda ba a buɗe shi sai ga mai naƙuda ko mai gargara.
Ita ma ba ta taɓa ƙarasa mana ba,
kullum a Sawakin barci yake ɗauke mu.

Ya yi dariya har jirgi ya karkata.

Ban bi abin da yake bi ba, ya sani.
In magariba ta yi nakan ɗaure jirgi a gindin giyayya,
shi kuma ya tsare mini takalma daga ruwa.

Wata Laraba waya ta iso makaranta.
Ya zo kwata da kai a aske, ba tabarau,
riƙe da 'yar butar tagulla, an toshe bakinta da kakin zuma.
Ruwan da uwar ta ɗebo ne.
Kuɗin jirgin sama bai taru ba.

Na kai shi inda gungunmu yake kwance a ƙasa,
daidai saman kukar da aka yanke mini cibi.
Ya ɓare kakin da farce.
Ruwan bai kai cikin ludayi ba.
Ya tsiyaya, yana faɗin abin da ban ji ba,
ni kuwa na kafa gora, na riƙe jirgi,
don igiya tana da ƙarfi a wurin.

Da muka juyo ya ce, "Daga Sawakin fa, me ya faru?"
Na ce ban sani ba, Malam.
Ya ce, "Tuƙa dai."