Huɗu Ga Mayu

Nomau ya shigo da takarda a ninke huɗu,
warin albasa na biye da shi kamar ɗan rakiya.
Ya ce, “Duba mini nan, ɗiyata.
Sifili huɗu, sanda, sifili biyar.
Ni na san huɗu ga Mayu muka yi,
mai karɓar bashi ya ce biyar ga Afrilu,
har ya ɗora mini tarar kwana ashirin da tara.”

Na jawo tsohon littafin ƙungiya,
mai bangon da gara ta ɗanɗana.
Ga shi nan da hannun Malam Sahabi,
huɗu ga Mayu, ɓaro-ɓaro.
Na'ura ce ta juya masa riga.
Wanda ya gina mana rumbun bayanai
ya sa wata a gaba, rana a baya,
ya karɓi kuɗinsa ya kama hanyar Jega.
Mu ko a Aliero rana muke fara faɗi.

Bayan isha'i na roƙi mai gadi
ya bar janareta ya ƙara nishi.
Layi sittin da uku na bi da yatsa,
ido ɗaya a littafi, ɗaya a allo,
ina mayar da kowace rana ɗakinta.
Sannan na je gurbin wata,
inda haruffa biyu suke tsugune,
na ƙara musu biyu.
Sai watanni suka fito da sunan Turawa.
Na yi musu ɗan jadawali, layi goma sha biyu,
na raɗa wa kowa sunan da muke kiransa.

Na danna.
Maris ya amsa. Afrilu ya amsa.
Yuni da Yuli, masu kama da tagwaye,
kowa ya tsaya a inuwarsa.
Ashe lamba ba ta da kunya,
tana iya bin duk wanda ya kira ta,
suna ne ke da gidan uba.

Da hantsi Nomau ya dawo.
Ba ya karatun boko, na karanta masa.
Ya ce, “Mayu.
Wato an kwashe albasa, an zuba a rudu,
ana sauraron ruwan fari.”
Ya ninke takardar, ya cusa cikin hula.

Sai da ya fita na gan su bisa firinta,
manya uku, jajaye,
da sauran ƙasar fadama a gindinsu.