Ƙofar Laka

Kwali bakwai suka iso Dundaye ran Laraba,
kowane da kai guda naɗe cikin soso.
Ba ƙashi ba ne, kwafi ne na roba.
Na ainihin suna nesa, a kulle cikin sanyi,
mu kamanni aka aiko mana.

Na jera su bisa benci, na ba kowa lamba.
Na ɗaya goshinsa kwance,
tudun gira ya yi wa idanu rumfa.
Na uku da zanko a tsakar ka kamar zakara,
wurin da naman tauna ya ɗaure igiyarsa,
fuska faifai guda, matauna kamar turmin daka.
Na bakwai shi kaɗai ke da haɓa.
Shi ne mu.

Na toshe ramukan ido da auduga,
na ɗura gero, na girgiza, na juye, na auna.
Na ɗaya gwangwani uku.
Na bakwai takwas, har da ɗoriya.
Geron da uwata ke surfawa don fura
shi ke gaya mini girman tunanin da ya ruɓe.

Na huɗu ne ya hana ni cin abincin rana.
Haƙora ƙanana irin namu,
ƙoƙo ƙarami irin nasu.
Lubabatu ta ce a kai shi layin dama,
Gado ya ce hagu, ya rantse da muƙamuƙi.
Na ɗauki alƙalami, na ajiye.
Na sake ɗauka.

Bayan Azahar sai ga babana, Nomau,
daga Kara, rigarsa na ƙanshin hayaƙi.
Kuɗin maganin ƙafa ya zo karɓa.
Shekara arba'in yana fasa kan rago da na sa,
bai taɓa riƙe littafin boko ba.
Ya tsaya bakin ƙofa ya yi musu sallama,
duka bakwai ɗin.

Bai dubi gira ba, bai ƙirga haƙori ba.
Ya ɗauki na huɗu ya kife shi a tafi
kamar mai duba kwarya ko ta tsage,
ya sa babban yatsa a ƙofar laka.

Ya ce, “Ɗiyata, wanga ba dabba na ba.
Ta rago can baya take, wajen ƙeya,
don kanshi gaba ya ka rataya.
Wagga ƙasa take.
Mai wanga kai tsaye ya yi tahiya tai,
shina kallon inda za shi.”

Na ce, haka littafi ya ce, Baba.
Ya ce, “To, littahin ya taɓa hiɗa.”

Ɗaliban suka yi dariya. Shi bai yi ba.
Ya tambayi sunansa, na karanto masa
dogon sunan nan mai karya harshe.
Ya ce wannan ba uwa ta raɗa shi ba.

Ya share wurin da hannun riga,
ya kwantar da shi a gefen dama,
fuska gabas,
ya karɓi kuɗinsa ya fita yana ɗingishi.

Har La'asar takardar na huɗu fara ce.
Na share geron da ya zube,
na kashe fanka.
Ban juyar da shi ba.