Noti Biyu, Maƙali Biyu

Teburina bai kai tabarmar salla ba,
akwatin gilashi ne a bakin Ƙofar Atiku,
gefen mai gyaran rediyon da ya koma sayar da caja.
Shekara talatin da ɗaya ina nan zaune,
rana na bi ta kaina tana wucewa.

Yau na wanke injin agogon Inna Tumba.
Na busar, na ɗiga masa mai da tsinin allura,
ya soma numfashi a kan farar takarda,
tsirara, kamar tsakon da ya fasa ƙwai yanzu.
Abin da ya rage shi ne mayarwa.

Wanda bai sani ba zai ce an gama.
Ina! Farka jaka kowa ya iya,
a ɗinki ake gane dukawa.

Maƙali biyu ke riƙe inji a gidansa,
kowanne bai kai ɓawon riɗi ba,
amma yana da ciki, yana da baya.
Ka kifa shi a juye, zai zauna maka lafiya lau,
ka rufe murfi, ka karɓi kuɗinka,
sai mai agogo ta kai Mabera
ta ji wani abu a hannunta yana kaɗawa.

Sai noti. Ƙwayar gero ta yi ukunsa.
Na maƙala gilashi a idon dama,
na tsinke shi da matsefata, na riƙe numfashi.
Ubangidana Bagudu, Allah ya kai haske kabarinsa,
cewa yake: "Juya baya tukuna, yaro,
sai ka ji zare ya hwaɗa ma zare, kana ka yi gaba.
Kak ka matse guda ɗan'uwa nai bai zamna ba."
Na farko ya shiga, na bar shi sako-sako,
yana jiran abokin zamansa ya zo su yi gamawa.

Na biyun ne.
Ba wanda ya taɓa ni. Ba iska, ba hon ɗin babur.
Yatsuna ne suka yi wata 'yar rawa da ban kaɗa musu ba,
matsefata ta ce ƙyas,
noti ya tafi ba sallama, ba waiwaya, ba sanarwa.

Na ari maganaɗisun tsohuwar sifika wajen maƙwabci,
na durƙusa ina sharar ƙasa da shi.
Ya kawo mini tsatsa, guntun waya, fil biyu,
da wani notin da na nema tun azumin bara.
Wanda nake so kam ya ƙi fitowa.

Inna Tumba na kan benci, jaka a cinya.
Ta ce: "Malam Jelani, tsaya, kak ka motsa."
Ta miƙo farce ta ciro shi a naɗin hannun rigata,
inda ya kwanta yana jin duk wahalar da nake shawa.

Baya tukuna. Zare ya sami zare.
Wannan kaɗan, wancan kaɗan, wannan kuma,
har inji ya daina motsi, agogo ya soma.
Na girgiza shi a kunnena: shiru, sai bugawa.

Ta ɗaura. Ba ta tashi ba.
Shekara ashirin da shida ta yi a ɗakin haihuwa,
da wannan siririn hannun daƙiƙa take ƙirga jijiya.
Ta kama wuyan hannuna da yatsu uku,
idonta a agogo, leɓenta na motsi,
kasuwa duka ta ja baya tana saurarawa.

"Ɗari da sha huɗu, kuma shina tsallake.
Kai naka injin, wa ka buɗa shi?"
Ta yagi gefen takardar da na shanya injinta,
ta rubuta sunan wani likita da ranar Laraba,
ta danne da kuɗin gyara.

Na sa takardar a gwangwanin notoci.
Agogo tara ke rataye a akwatina,
kowanne da lokacin da yake faɗa.
Na ɗora yatsu uku inda ta ɗora,
ban san wanda zan duba ba a cikinsu,
aka kira la'asar ina ta lalubawa.