Janareton da Ba a Kunna Ba

Da tsakar dare ta tashe ni:
"Tanimu, je ka roƙi Iya Bose
ta kashe janareton nan."
Na leƙa tsakar gida. Duhu dunɗum.
Injin a cikin kunnenta yake.

Tabawa ce fa, wadda shekara goma sha ɗaya
take hawa gadar Oshodi da faranti a ka,
gorar kunun aya ashirin, hannu na lilo,
tana ciniki da Yarbanci,
ko ɗigo bai taɓa zuba ba.
Yau daga gado zuwa bakin ƙofa
taku bakwai ne, na ƙirga,
kowanne sai bango ya sa hannu.
Ta ce wa ya kwance ɗakinmu
ya sake shi a ruwan Makoko?

Mun ɗauka an gama.
An yanke nono, an sha ƙarin ruwa mai zubar da gashi,
gashin ya dawo, har ta yi kitson Sallah.
Mun yi sadakar waina.

A asibitin Idi-Araba suka ce ta duƙunƙune,
suka ɗebi ruwa daga gadon bayanta,
garau, kamar na sama.
Likita ta zana a bayan takardar magani:
ga ƙwaƙwalwa, ga siririn mayafin da ya lulluɓe ta,
ga inda ciwon dajin ya biyo ruwa ya sauka.
Jijiyar ji da ta tsayuwa, in ji ta,
maƙwabta ne masu ɗiba a famfo ɗaya.
Na gyaɗa kai.
Tabawa tana kallon leɓɓa.

Kunnen hagu ya riga ya tafi,
na dama yana haɗa kaya.
Ita da ke tsine wa hon ɗin danfo
da ihun kwandasta,
jiya ta sa na buɗe taga,
ta zauna tana jiran Legas ta daka mata tsawa.
Legas ta wangale baki. Shiru.

Da asuba ni ne ladaninta:
in taɓa ƙafarta sau biyu.
Tana sallah a zaune, kafaɗarta jingine da tawa.

Idan zan yi magana
sai ta ɗora tafinta a maƙogwarona,
ta ce, "Faɗa."
In rasa ta cewa,
in ce tumatir ya yi araha,
in ce likita ta ce da sauƙi.
Sai ta yi murmushi, ba ta ɗauke hannun ba:
"Na farkon ma ƙarya ne, Tanimu.
Sake faɗa dai. Ɗumin nake ji."