Rasit Ɗari Biyu da Huɗu

Shekara sha bakwai ina haya a Mabera,
ɗaki biyu, ƙofa ta uku daga rijiya.
Ga tsawon Jelani a jikin garu,
da gawayi nake ja, sallah zuwa sallah,
har ya zarce ni.

Ran Laraba magada suka zo.
Igiyar awo ta riga sallama shiga.
Wai bene za a tayar, a yanka kamar tsire,
kowane hawa da mai shi.
Mu masu biyan wata-wata ba mu cikin lissafi.

Inno Kulu ta ce: darbejiyar tsakar gida fa?
Ita ma takardar tashi za a ba ta?

Muka tafi sakatariya.
Magatakarda mai tabon tawada a aljihu
ya ce akwai doka bisa tebur:
wanda ya rushe ɗakin haya ya gina madadinsa,
kada a tada mutum damina na bisa kai.
Ana tattaunawa, in ji shi. Biro bai sauka ba.

Modi mai faci ya ƙyalƙyale:
kafin biro ya sauka, katafila ta karya kumallo.

Ni ban yi dariya ba.
Na dawo, rana ta kwanta a kan kwano,
na zuba wa darbejiya sauran ruwan buta
kamar kullum.
Rasit ɗina na cikin kwalla ƙarƙashin gado,
ɗari biyu da huɗu.
Ko tubali ɗaya ba su zama ba.