Dare na Huɗu a Aboabo

An ɗauke wuta tun bayan isha'i.
Fanka ta tsaya, ruwa yana dukan kwano,
ke kuma kin farka da bakin nan naki
da bai kai faɗin kwabo ba,
wanda na fi tsoro fiye da allurar asibiti.

Ba ki da suna tukuna.
Goggo Azumi tana ce miki Lami,
Maame Dufie ta ɗakin bakin famfo tana ce miki Yaa.
Alhamis ɗaya, harshe biyu.
Ni ban kira ki da komai ba.
'Yar fari ce ke, ba a so a ji bakina.

An ba ni labarin naƙuda tun cikina yana wata uku:
matan shagonmu, mai koko, har wata da muka haɗu a turoturo.
Babu wadda ta ce mini
bayan an sauka akwai sauran hawa.

Kwana biyu dakashi ne, ɗigo-ɗigo, rawaya kamar man shanu.
Jiya ruwan ya zo gaba ɗaya.
Na wayi gari da ɗanyun gwanda biyu a ƙirji,
zafi rau, jijiyoyi sun fito.
Ni da nake ɗinka wa amare leshi
yau zanin atamfa ma kartata yake.
Ruwan wanka ya taɓa ni, na ce wash.
Mutala ya gifta da gwiwar hannu cikin barci,
na kusa tsine masa.

To, zo.
Bismillahi.
Na cije gefen ɗankwali,
yatsun ƙafata sun naɗe a kan tabarma.
Ɗaya, biyu, uku.
Kan ya tsage, kin kama daidai tsagar.
Huɗu, biyar. Mara ma ta amsa,
kamar ana matse wanki a cikina.
Shida. Akwai gwangwanin madara a kanti kusa da masallaci,
na san kuɗinsa har pesuwa,
na lissafa shi da kwana nawa Mutala zai yi a kan keke.
Bakwai. Allah na tuba, na ji haushinki.
Takwas.

Goggo ta ce haƙuri, kowace mace ta sha.
Ta kawo man kaɗe a murfin kwalba
da kunun kanwa mai ƙona harshe.
Maame Dufie ta miƙo ganyen kabeji ta taga,
ta nuna ƙirjinta, ta yi dariya: shida ta shayar.
Amma Sista Konadu ce, da na koma awo, ta duba ta ce
ba haƙuri ne ya yi kaɗan ba, kamun ne.
Ta ce jira ta wage baki kamar mai hamma,
ki kawo ta gare ki, kada ki kai kanki gare ta.
Idan zazzaɓi ya zo, ko wuri ya yi ja, ki dawo, kada ki jira suna.

Na sa ƙaramin yatsa a gefen bakinki, na cire ki.
Kin tsala ihu, karen maƙwabta ya taya ki.
Na jira.
Na jira hammar.
Ga ta.

Har yanzu da zafi, ba zan yi miki ƙarya ba.
Sai dai ya sauka daga wuƙa zuwa ƙaya,
kuma cikin duhun nan, ƙarƙashin ƙarar ruwa,
ina jin wani ƙaramin sauti, kut, kut, kut:
maƙogwaronki yana aiki.
Ɗaya nonon ya ga ana yi babu shi,
ya jiƙa mini zani har cinya.

Hannunki ya saki, yatsu biyar sun buɗe a kan haƙarƙarina.
Ladanin Asawase ya gyara murya.
Saura kwana uku a yanka rago.
Saura awa biyu ki sake nemana,
kuma na hagu ne a layi.