Hancin Batir

Gantulga ya shigo garejina da littafi a hannu,
motar ya bar ta a waje tana huci.
Ya buɗe shafi: bara war haka
lita biyar ke kai shi kilomita ɗari.
Bana bakwai da rabi, ranar Talata har takwas.
"Delgerma, wani na shan man nan,
kuma ba ni ba ne."

Motar mai ciki biyu ce,
ɗaya na fetur, ɗaya na lantarki,
irin da ta cika titunan Ulanbatar
kamar tumaki a bakin rijiya.
Sitiyari a dama. Ta tsufa a Japan
kafin ta zo nan ta koyi sanyi.

Na ce masa Janairu ne.
Sanyin da ke daskarar da gashin hanci
ba ya barin inji ya runtsa a danja.
Hita na son zafi, zafi na son mai.
Ya ce ai bara ma an yi Janairu.
Na yi shiru. Mai littafi ya fi mai baki.

Sai na durƙusa.
Taya huɗu, uku sun yi laushi.
Na ba su iska. Rabin lita ke nan, bai fi ba.
Matatar iska ta yi baƙi ƙirin,
ta sha hayaƙin kwal na unguwannin tudu,
wanda mu ma muke sha, ba mai canza mana tamu.
Baƙin mai ya wuce wa'adi da kilomita dubu uku,
ya yi kauri kamar kunun da ya kwana.
Na ɗaga ta a jak, na juya ƙafafun baya
ko birki na riƙe su a ɓoye.
Lafiya lau suke wulwulawa.

Na jona na'ura.
Batir bai mutu ba, zazzaɓi yake yi.
Zazzaɓi, a garin da yawu ke ƙanƙara kafin ya taɓa ƙasa!
Shi kuwa in ya ji zafi sai ya janye hannu,
ya bar wa inji kaya shi kaɗai.

Hancinsa na gefen kujerar baya,
'yar taga mai raga, tafin hannu ya rufe ta.
Na haska tocila.
Safa ce.
Ta gashin raƙumi, ruwan ƙasa, saƙar hannu,
an cusa ta tsaf da yatsa mai haƙuri.
Bayanta fanka ta shaƙe da gashi da datti.

Na miƙa masa. Ya juya ta, ya sake juyawa.
"Ta tsohuwa ce."
Litinin, Laraba, Juma'a
yana kai ta wankin ƙoda, tun kaka.
Nan take zama. Ta ce ramin na jan iska ta ƙugunta,
ya ce Inna, haka aka ƙera shi,
ita kuwa ba ta sake tankawa ba.

Ashe ta ba da amsarta da safa.

Na kwance fanka, na bi ta da buroshi,
minti arba'in, yatsuna ba sa jin kansu.
Na rubuta kuɗin matata da na mai.
Na fanka ban rubuta ba.
Na ce a mayar da ita ɗaya gefen, a ƙara mata bargo,
a bar wa batir hancinsa.
Kai kuma duk kilomita dubu goma ka leƙo,
kar ka jira sai littafi ya yi kuka.

Ya sosa ƙeya.
Ya ce ta wannan tagar take gaida Dutsen Bogd
in za su asibiti da safe.
Na ce to a komo za ta gaida shi,
dutse ba ya fushi da gaisuwar yamma.

Bayan mako uku saƙo ya shigo:
biyar da ɗigo takwas.
A ƙasa ya ƙara da cewa
tsohuwa na tambayar wa ya riƙe mata safa.

Tana nan kan bencina, kusa da sifana mai lamba goma.
Na wanke ta tun ranar.
Ban dai sami wanda zai kai ba.